Ranar Da Injin Malam Gide Bai Tashi Ba

"Gide Yahya! Mai kula da injin ruwa, 'Yargoje!"

Muttaka ya zabura daga kan benci kamar wanda aka tsikara. "Na'am! Ga ni!"

Ya gyara hular da ke kansa, wadda ba tasa ba ce, ya ratsa layin ma'aikata yana taku ɗai-ɗai irin na dattawa. Ranar tantance ma'aikata ce a ofishin da ke Ƙanƙara, kowa sai ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa, in ba haka ba a cire sunansa daga albashi. Shi kuwa Muttaka bai taɓa cin sisin gwamnati ba tunda uwarsa ta haife shi. Makanikin injin ban-ruwa ne, katangarsu ɗaya da Malam Gide, kuma katin Malam Giden ne a aljihunsa.

Matar da ke bayan tebur ta leƙo shi ta saman tabarau. Hajiya Suwaibatu ke nan, shugabar sashen ma'aikata, wadda aka ce ko ƙuda ba ya wuce teburinta sai ta san sunan ubansa. Ta dubi katin, ta dube shi, ta nuna masa na'urar da haɓa.

Ya ɗora babban yatsa. Jar wuta ta kawo. Ya goge yatsan a riga, ya hura masa iska, ya sake ɗorawa. Jar wuta dai.

"Hajiya, faso ne," in ji shi, ko gezau bai yi ba. "Kin san aikin inji, baƙin mai ya cinye zanen."

"Ikon Allah," ta ce. "Fason ne kuma ya ƙara maka tsawo? Malam Giden da na sani shekara goma sha, da kaɗan ya wuce kafaɗata. Shiga ɗakin can ka jira ni, kada ka sa a kira maka 'yan sanda a gaban mutane."

To, a nan ne asirin Muttaka ya tonu.

Bari dai a koma baya kaɗan, don a san yadda mutum mai hankali irin Muttaka ya tsinci kansa cikin hular wani. Shekara ashirin da uku Malam Gide ke tada tsohon injin da ke tura ruwa cikin tankin 'Yargoje. Da an sallame sallar asuba zai nufi ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin tankin, ya zaro makulli daga wuyansa, inda yake rataye da wata igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa, ya murɗa hannun inji. Kafin rana ta ɗago, famfuna shida na zuba, mata da 'yan garuwa na ta hayaniya. Abin alfaharinsa ke nan a duniya: ko ranar da aka yi sunan ɗansa na fari, sai da ruwa ya zo sannan aka yanka rago.

Wata huɗu kafin wannan rana ƙafafunsa suka fara kumburi. Aka ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Ranar da takalmi ya ƙi shiga, sai ya aika matarsa Mero ta kira masa Muttaka, ya miƙa masa makullin.

"Ka rufa mani asiri, kwana biyu ne. Amma in ka kashe inji ka maido mani abina. Kuma kada ofis su ji. In suka ji mutum ya kwanta, jan biro ne kawai, sai dai ka ji wata ya mutu babu alat."

Wa ya faɗa masa haka? Oho. Kowa a garin ya san labarin wani da ya ce ba shi da lafiya aka sallame shi, amma ka tambayi sunan mutumin, ba mai iya faɗa maka. Muttaka dai bai yi musu ba. Ya karɓi aikin, kullum ya tada inji, ya maido makulli a tura ƙarƙashin matashi. Unguwa kuma ta haɗa baki. Sau biyu mai duba aiki na zuwa a kan babur, sau biyun ana ce masa, "Ai yanzun nan ya fita, ya leƙa gona." Har mai shayi sai da ya rantse cewa ga kofinsa nan bai huce ba. Duk suna ganin zumunci suke yi, kuma wallahi da zuciya ɗaya suka yi shi.

Hajiya Suwaibatu ta shigo ɗakin ta rufo ƙofa. Ba ta zauna ba.

"Mi ya samu Malam Gide?"

Muttaka ya cire hular ya riƙe a hannu, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Tana saurare tana girgiza kai.

"Wata huɗu! Kun kuwa san abin da kuka yi wa bawan Allahn nan? A takarda lafiyarsa lau, kullum yana bakin aiki, ku kuka shaida. To mai lafiya in bai zo tantancewa ba, sunansa ma'aikacin bogi. A cire shi, albashi ya tsaya, in ta Allah ta kasance iyalinsa su yi ta zarya a kan haƙƙinsa har takalmansu su ƙare. Garin neman gira za ku rasa ido."

"Hajiya, tsoron kora muka ji."

"Wa ke korar mutum don Allah ya jarrabe shi? Akwai hutun rashin lafiya, haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. A ƙa'idarmu, in likita ya rubuto, yana kwance albashinsa na shiga cif har wata shida. In ciwon ya zarce a sake duba shi. Shekara ashirin da uku yana yi mana aiki, ka ce bai san wannan ba?" Ta zaro takarda daga fayil ta miƙa masa. "Abu uku nake so kafin Alhamis ta sama, ranar nake rufe suna. Takardar likita, sa hannunsa a nan, da makullin ɗakin inji, don mu tura mai riƙo. In Alhamis ta wuce, ko ni ban da yadda zan yi."

Har ya kai bakin ƙofa ta ce, "Malam. Ka maida masa hularsa, ba ta yi maka kyau ba."

Muttaka ya hau mota da wuri, don hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Tafe yake yana murmushi shi kaɗai. A ganinsa magana ta ƙare, albishir zai kai.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Ya iske Malam Gide kishingiɗe a kan katifa a rumfar tsakar gida, ƙafafun nan an ɗora su bisa buhun ƙaiƙayi, sun yi suntum suna sheƙi. Mero na gefe tana tankaɗe. Muttaka ya zayyana komai, har da zancen hula. Malam Gide ya yi dariya har da tari. Amma da aka zo kan makulli, sai fuskarsa ta canza.

"In sa hannu in ce na kasa? Ni?"

"Malam, ba kasawa ba ce, hutu ne."

"Hutun mi? Dabara ce irin tasu. Su karɓe makulli su ba wani, shi ke nan an binne ni da raina. Muddin makullin ga na ƙarƙashin kaina, ni ke da aikin ga. Kai dai ci gaba da yadda muke yi, na kusa miƙewa."

"In Alhamis ta wuce fa?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, Malam, shi ne ma ya kawo takardar ga."

Malam Gide ya juya fuska ga bango. Mero ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Liman ya zo ya yi magana, ƙanen Malam Gide ya bugo waya daga Sabuwa ya yi magana. Kamar ana zuga shi. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, a kan makullin nan ya zama dutse. Muttaka kuwa abin ya tsaya masa a rai, don ya gane shi ne sandar da Malam Gide ke dogarawa. Muddin inji na tashi kowace asuba, to dattijon nan zai ci gaba da gaya wa kansa cewa bai kwanta ba.

Ran Litinin da la'asar ya shiga gidan, ya durƙusa kusa da katifa.

"Malam, na zo in gaya maka da bakina, kada ka ji a wurin wani. Gobe ba zan tada inji ba."

Malam Gide ya dube shi ya yi murmushi. "Ba ka iyawa."

"Za ka gani."

Da asubar Talata Muttaka ya dawo daga masallaci, ya wuce ƙofar gidan Malam Gide bai yi sallama ba, ya shiga shagonsa ya zauna a kan wani mataccen inji. Gari ya yi tsit. Shekara da shekaru ba a taɓa jin asuba irin wannan a 'Yargoje ba, har kukan kurciya ana ji daga bayan gari. Can sai ƙarar jarkoki marasa ruwa ta fara tashi, sai muryoyin mata.

"Yau kuma lafiya?"

"Ina Muttakan yake? Ko ya makara?"

Wata tsohuwa ta leƙo shagon. "Kai ɗan nan, yau da ƙasa za mu yi girki?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ni ba ma'aikacin ruwa ba ne."

Ta dube shi da kyau, sai ta ɗauki bokitinta ta nufi rijiyar bayan makaranta. Tsofaffi ba a yi masu dogon bayani.

Rana ta ɗan ɗago sai ya ji Mero ta kan katanga tana kiransa da wata irin murya. Ya ruga. A zaure ya iske Malam Gide zaune a ƙasa, bayansa jingine da bango, yana haki. Ya saka rigar aikinsa, makulli a wuya, ƙafa ba takalmi. Daga katifa zuwa zaure, taku goma sha biyu ne, nan ƙarfinsa ya ƙare.

Muttaka ya sunkuya zai ɗaga shi, ya ture hannunsa.

"Ka ci amanata, Muttaka."

Maganar ta soki Muttaka har ƙahon zuci, hawaye suka cika masa ido. Amma kafin ya buɗe baki Mero ta riga shi. Matar da shekara ashirin ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, yau ta tsaya a ƙofar da ludayi a hannu.

"Malam, ka yi mani afuwa, yau zan yi magana. Gari bai samu ruwa ba na safiya ɗaya, ka ga sun mutu? Ga su can sun tafi rijiya. To mu wace rijiya za mu je in albashin ga ya tsaya? Gonar da 'yan bindiga suka hana mu nomawa bana? Maganinka da mi za a saye? Yaran ga huɗu, makulli za su ci?" Ta matso kusa da shi. "Ka shayar da garin ga shekara ashirin da uku. Yanzu tukunyar gidanka ce ke jiran ka, kuma sa hannu kawai take nema."

Malam Gide ya daɗe yana kallon ƙafafunsa, kamar yau ya fara ganin su. Sannan ya sa hannu biyu ya ciro igiyar daga wuyansa. Ya yi ta fama da ƙullin, yatsunsa sun kumbura, ƙullin kuma ya shekara ashirin ba a kwance ba. Da haƙori ya ƙarasa. Ya zare makullin ya miƙa wa Muttaka, igiyar kuwa ya dunƙule ta a tafinsa.

"Je ka tada masu inji tukuna, mata na wahala. In ka dawo ka zo da biro."

Ranar Laraba suka yi shatar mota zuwa asibiti. Likita ya duba, ya yi faɗa ƙwarai a kan jinkiri, ya ce ƙoda ce ba shawara ba, ya rubuta takarda ya buga hatimi. Ranar Alhamis da hantsi Muttaka ya ajiye abu uku a kan teburin Hajiya Suwaibatu, yana sanye da hularsa ta kansa. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta sa hannu, ta ce, "Ka ce masa ya kwanta ya yi jinya. Sunansa na nan inda yake."

Mai riƙon da aka turo sunansa Zailani, wani mai furfura a gemu daga Faskari, mutum mai sanyin hali. Da ya zo gaisuwa, Malam Gide ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa kamar mai sayen sa.

"Ka san inji?"

"Ana taɓawa, Malam."

"Wannan ba a taɓa shi, lallashinsa ake yi. In ka murɗa da ƙarfi zai yi maka gardama."

Daga ranar aka buɗe sabuwar makaranta. Kowace asuba Malam Gide na kwance yana kasa kunne, ya ƙirga murɗawa nawa aka yi kafin inji ya kama. In Zailani ya biyo da hantsi, sai ya ji sakamako. "Yau sau huɗu ka murɗa." "Yau ya sha iska, ban ce ka sassauta ƙusar nan ba?" "Bel ɗin ya yi sako-sako, daga nan ina jin shi." Zailani sai ya ce, "To Malam, gobe za a gyara." Bai taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka masa.

Ƙarshen wata kuwa, Muttaka na zaune yana ɓare masa lemo, wayar da ke gefen matashi ta yi ƙara. Malam Gide ya ɗauka ya nisanta ta da ido, ya karanta, ya sake karantawa. Ya miƙa wa Muttaka.

"Duba mani, ko idona ne."

"Albashi ne, Malam."

"Duka?"

"Duka, ba a taɓa ba."

"Ina kwance?"

"Kana kwance."

Dattijon ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Da ya buɗe, dariya yake da hawaye tare. "Kai, mun yi wauta, Muttaka. Wata huɗu muna ɓoyon abin da in mun faɗa biyan mu za a yi. Mero! A sa mana nama a miyar yau."

Haka aka yi wata biyar. Ba a ce an yi daɗi ba, ciwo ciwo ne. Ana zuwa asibiti ana dawowa, wata rana ya ci tuwo, wata rana ko kunu ba ya zama. Amma magani bai yanke ba, yara ba su fasa makaranta ba, kuma ba a taɓa ganin Mero da ƙwarya a ƙofar wani ba. Shi kansa ya saki jiki. Duk ma'aikacin da ya zo duba shi, malamin makaranta ne ko na asibiti, sai ya yi masa huɗuba: "In ka kwanta, kai takarda. Kada ka yi irin tawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Wata asubar Juma'a, bayan an gama yankan dawa, Mero ta ƙwanƙwasa katanga. Muttaka ya shiga ya iske numfashin ya sauya, yana fita da ƙyar. Ya zauna ya ɗora kan Malam Gide a cinyarsa, yana karanta masa abin da ya sawwaƙa. Idanun dattijon a rufe, amma Muttaka ya san kunnensa na waje.

Can daga ƙarƙashin tanki aka ji murɗa ɗaya. Inji ya kama, tuf, tuf, tuf, ya daidaita sumul.

Malam Gide ya buɗe ido. Leɓensa ya motsa, Muttaka ya kai kunne.

"Sau ɗaya," in ji shi. "Ya iya."

Bayan wannan sai kalmar shahada. Kafin rana ta hau katanga ya cika.

Da Muttaka ya fito da bokiti biyu don ɗebo ruwan wanka, layin famfo ya kai har bakin shagon mai shayi. Matan suka janye jarkokinsu ɗaya bayan ɗaya, suka buɗe masa hanya har gaban famfon farko. Tsohuwar nan ta ranar Talata ita ta murɗa masa kan famfon da hannunta, ta riƙe har bokitan suka cika.

Ranar sadakar uku Hajiya Suwaibatu ta zo da kanta. Ta shiga wurin mata ta daɗe, da ta fito ta tsaya a zaure ta ce wa Muttaka da ƙanen mamacin, "Fayil ɗinsa tsaf yake, a bakin aikinsa ya rasu. In an yi bakwai ku zo da takardar asibiti, haƙƙin yaran nan ba mai taɓa shi." Ta gyara mayafi, ta ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan Malam Gide. Mutum ne."

Washegari Muttaka ya dawo daga masallaci, ƙafarsa ta kai shi ƙofar gidan kafin ya tuna ba wanda zai gaisar a rumfa. Ya tsaya a zaure. A kan ƙusar da Malam Gide ke rataye hula, Mero ta rataye igiyar fatar nan, babu makulli, lanƙwasar tsohon ƙullin na nan ba ta miƙe ba. Daga can inji na bugawa. Daga cikin gida kuma hayaƙi na tasowa ta saman katanga, ya ji Mero na ce wa yara su yi maza su kawo kofunansu, koko ya yi.